Tawadar Allah a Bayan Tsuntsuwa

Talata, bayan la'asar

Yau da na je ɗaukar Tsuntsuwa daga makarantar yara, ba a miƙo mini ita a bakin ƙofa kamar kullum ba. Malamarsu ta ce in shigo. Ta kai ni wani ɗaki mai ƙananan kujeru, na zauna gwiwoyina suna neman taɓo haɓata. Ga shugabar makarantar, ga wata mata da ban taɓa gani ba, mai gajeren gashi, ta ɗora baƙar jaka a cinya. Kowa yana murmushi. Wata bakwai ke nan da zuwanmu ƙasar nan, har yau ban iya bambanta murmushinsu na alheri da na masifa ba.

Suka yi ta magana. Na tsinci "baya", na tsinci "riga", na tsinci sunan 'yata. Na yi ta gyaɗa kai, don abin da nake yi ke nan idan ban gane ba. Sai daga baya, a cikin bas, na tambayi kaina me na amsa.

Daga makarantar na kira Maigida a siton da yake aiki, ya bar aikin ya zo. Shi ya riga mu zuwa da shekara biyu, yana jin yarensu. Ina kallonsa yana saurarensu. Na ce, "Me suke cewa?" Ya ce, "Bari mu je gida." Na ce, "Ina yarinyar?" Ya ce, "Za su kawo ta. Don Allah kada ki ɗaga murya."

Ban san na ɗaga ba.

Suka kawo ta sanye da rigar da ba tata ba. Ta ce, "Mama, madara ta zubo mini, aka cire mini riga, sai kowa ya zo yana kallon bayana."

Laraba, da asuba

Da tabon nan aka haife ta. Daga ƙugu ya hau har tsakiyar baya, shuɗi-shuɗi, kamar an zuba shuni ya bushe. Ranar da aka haife ta ungozoma ta juya ta, ta ce tawadar Allah ce. Inna ta ce kakanta ma da ita ya mutu. Shekararta huɗu, babu wanda ya taɓa kallon wurin sau biyu.

Na kunna fitila na ɗaga rigar barcinta a hankali. Na kalle shi da idon baƙo. Na ga abin da suka gani: kamar shatin duka.

Laraba, da magariba

Matar mai jaka ta zo gida. Daga ofishin kula da yara take. Ta cire takalmi ba tare da an ce ta cire ba, ta karɓi shayi amma ba ta sha ba. Ta buɗe firij. Ta duba gadon Tsuntsuwa, ta taɓa bargon. Ni na tsaya a jikin bango kamar ni ce baƙuwar.

Akwai sharaɗi, har sai likita ya gani. Maigida ya fassara mini yana kallon ƙasa. Ba zan rubuta shi ba.

Alhamis, da safe

Na yi mata wanka, Maigida yana tsaye a ƙofar banɗaki da kofin shayi a hannu. Tsuntsuwa ta ce, "Baba, kai ma wanka za a yi maka?" Ya yi dariya. Ni sabulu ya yi ta suɓuce mini.

Ya ɗauki hutu a wurin aiki. Ba za ta koma makaranta ba tukuna, ni na ce haka, ba su ba.

Juma'a, bayan an tashi daga aiki

Na je aiki. Wankin otal ba ya jiran mai damuwa. Ni da Doguwa muke kan injin guga: ta kama gefen zanen gado ɗaya, in kama ɗaya, mu ja, mu saka a bakin injin, ya haɗiye ya fitar da shi a miƙe ta baya. Tururi ya cika wurin, ƙara kuma ba ta bari a yi hira, abin da ya sa nake son aikin ke nan. Babu mai jin yadda nake kakkarya yarensu.

Doguwa ma baƙuwa ce, daga wata ƙasar daban, amma ta daɗe a nan har ta yi furfura. Yau sau uku ina sakin gefena zanen yana shiga a karkace. Ta kashe injin, ta dube ni, ta ɗaga haɓa, wato me ya faru. Na ce kaina ke ciwo. Ta ba ni ƙwaya biyu daga aljihunta.

A gida, can ƙasarmu, aji guda nake riƙewa, yara cike har bakin ƙofa, iyayensu su kawo mini su, su ce, "Malama, ga amana nan." Yau tawa ɗaya tilo ba a yarda da ni a kanta ba.

To, ga shi na rubuta.

Asabar, da hantsi

An taka matakala. Ba nan aka zo ba.

Lahadi, bayan azahar

Inna ta kira. Na wanke fuska na shafa kwalli kafin in ɗaga, don tana gani a wayar.

"Kin rame," in ji ta.

"Sanyi ne, Inna."

"Sanyi ba ya ramar da mutum. Ko dai an samu ƙaruwa ne ake ɓoye mini?"

Na yi dariya, ta yi dariya. Ta ce a ba ta uwar surutu. Tsuntsuwa ta karɓi wayar tana ba ta labari rabi da Hausa rabi da yaren nan, Inna tana cewa, "Ke, yi mini maganar mutane." Ina zaune a gefe ina addu'a kada ta ambaci matar mai jaka. Ba ta ambata ba. Kyanwar maƙwabta ta ambata.

Da za mu yi sallama Inna ta ce, "Kuna dai lafiya ko?" Na ce lafiya lau. Me za ta yi da labarin in ban da hawan jini? Ko taswirar inda nake ba ta sani ba.

Litinin, da yamma

Likita. Yarinya ce ƙarama, hannunta sanyi. Ta danna wurin ta tambayi Tsuntsuwa ko da zafi, Tsuntsuwa ta yi dariya don cakulkuli take ji. Likitar ta daɗe tana kallo. Ta ce tana zaton haka aka haife ta, amma ba za ta sa hannu a kan zato ba, sai babban likitan fata ya gani. Layinsa kuwa da tsawo.

Zato. A kan hanyar gida na yi ta juya kalmar.

Maigida ya ce, "Ai labari ne mai daɗi, kin ji ta ce tana zaton..." Na ce, "Kai ma zato kake yi?" Ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Ya ce, "Ni za ki yi wa wannan tambayar? Ni da na yi mata huɗuba?" Muka ƙarasa gida, Tsuntsuwa tana tsakiyarmu tana tsallake layukan titi.

Laraba, da azahar

Sun kawo tafinta, don sun ce ba a son miji ya riƙa fassara wa matarsa. Dattijo ne, Hausarsa ta tsufa a bakinsa, amma da ya ce, "Sannu, 'yata," sai da na kama kujera. Tun da na sauka daga jirgi ban ji wani baƙo ya gaishe ni da harshena ba.

Ashe ba tabon kaɗai ba ne. Da suka tambayi Tsuntsuwa a makaranta, ta faɗa musu wata magana. Matar mai jaka ta karanto ta a hankali, tafinta ya mayar mini, yana shafa gemu: wai Mama ta ce za ta yanka ta.

Na faɗa. Kullum ina faɗa. "Sauko daga kujerar nan ko in yanka ki." Haka Inna take ce mini, haka ake ce wa kowane ɗa a unguwarmu, yaron yana dariya uwar tana dariya. Tsuntsuwa ta kwashe ta ɗanya ta zuba a yarensu, don ta fi ni iyawa yanzu.

Na ce wa tafinta, "Baba, ka gaya mata wasa ne. Kai ka san wasa ne." Ya ce, "Na sani, 'yata. Amma aikina in faɗi abin da kika faɗa, ba abin da na sani ba. Faɗi da bakinki, ni kuma in kai." Na faɗa. Ya kai. Ta rubuta. Fuskarta kamar bango.

Da zai tafi, yana sa takalmi, ya ce a hankali, "Ki riƙa cin abinci."

Alhamis, da safe

Wa ya fara kai ƙara? Malamar ce kawai? Tsohuwar da ke ƙasanmu, mai ƙaramin kare, kullum tana bayan labule. Ranar da Tsuntsuwa ta yi ihu don na hana ta alewa, na ga labulen ya motsa.

Juma'a, da la'asar

Na daina yi mata tsawa. Ta zubar da hatsi a ƙasa, na share. Ta zana bango da jambaki, na goge. Ta hau kan tebur, na tsaya a ƙasa na buɗe hannu, ina roƙon Allah kada ta faɗo ta samu tabo na gaske. Idan ta yi kuka ina rufe taga.

Ta lura. Yau ta zo ta tsaya a gabana ta ce, "Mama, kin yi fushi da ni ne?" Na ce a'a. Ta ce, "To me ya sa ba kya yi mini faɗa?"

Maigida ya tashi ya shiga kicin ya buɗe famfo.

Lahadi, da hantsi

Ban yi mata komai ba. Ban yi mata komai ba.

Litinin, bayan magariba

Hutun Maigida ya ƙare. Shugabansu ya ce gobe ya dawo, ko a ba wani motar ɗaga kayan da yake tuƙawa. Zamanmu a ƙasar nan kuwa a jikin aikin nan yake rataye. Ni ina tashi da azahar, shi sai magariba. Da safe na roƙi a ba ni hutu, an ba ni. Amma hutuna ba ya maganin komai, don ni ce ba a so a bari da ita.

Matar mai jaka ta ce a waya a samo wani babba da zai zauna da mu, kowa ne, ita za ta yi magana da shi. Idan babu, akwai gidajen da suke karɓar yara na ɗan lokaci. Maigida ya fassara rabin maganar ya tsaya. Sauran ni na gane da kaina. Wannan karon yaren bai ɓuya mini ba.

A gida da tsakar gidanmu ta cika: Yaya, Gwaggo, matan layi, har sai an kori wasu. A nan wa muke da shi? Na ce, "Mu haɗa kaya mu koma." Ya ce, "Idan muka nufi filin jirgi yanzu, me za su ce mun yi?" Gaskiya ya faɗa, na ji haushinsa don ya faɗe ta.

Ya ce zai sauka wurin tsohuwar ya roƙe ta ta zauna da mu. Na ce, "Ita da ta kai mu?" Ya ce, "Kin gan ta?" Ban gan ta ba.

Talata, da yamma

Ta hau da sandarta da karenta da jakar saƙa. Na ce wa Maigida kare ba zai shigar mini ɗaki ba, ya ce, "Maman Tsuntsuwa, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa yake." Sai aka ɗaure shi a bakin ƙofa, ya kwanta a kan takalmana.

Ta zauna a kujerar taga ta fara saƙa. Ni na zauna a takure kamar mai jiran hukunci. Duk motsin da na yi ina jin idonta. Na ba Tsuntsuwa abinci ina kallon ko ya yi zafi, ko ya yi kaɗan, ko na riƙe cokalin yadda suke riƙewa.

Can sai Tsuntsuwa ta ja zaren saƙar ta ruga da shi, ya warware har kicin. Ban hana ta ba. Tsohuwar ta ajiye allura, ta daka mata tsawa da wata murya da ban zaci tana cikin wannan ƙaramin ƙirjin ba. Tsuntsuwa ta tsaya turus, ta dawo da zaren da kanta. Tsohuwar ta juyo gare ni ta nuna ta, ta nuna ni, ta buɗe hannuwa, wato ke kuma me kike jira?

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu. Ta bar ni na gama. Ba ta taɓa ni ba, ta dai tura mini hankicinta da bakin sanda.

Alhamis, da azahar

Kullum tana zuwa. Ta nuna mini hoton ɗanta, yana wata ƙasa mai nisa, ya je neman aiki. Ta nuna wayarta ta girgiza kai, wato ba ya kira. Ashe labulen da take ɗagawa mai kawo wasiƙa take dubawa. Ko kuma ni take dubawa. Ban sani ba, kuma na gaji da zargi.

Tana koya mini kalmomi, ina maimaitawa, Tsuntsuwa tana gyara mu duka biyu.

Asabar, da safe

Mafarki: ina ƙofar makarantar, ana fito da yara ɗaya bayan ɗaya, kowace da fuskar Tsuntsuwa, kuma an ce in nuna tawa.

Litinin, da la'asar

An buga ƙararrawa ina yanka albasa. Ban san lokacin da na jefa wuƙar bayan firij ba. Mai gyaran bututu ne.

Laraba, bayan azahar

Likitan fata. Tsoho ne mai tabarau a goshi. Ya ɗaga rigar, ya kalla, ya sauke. Ko zama ban gama yi ba. Ya yi magana gajeriya, ya ba Tsuntsuwa sitika mai hoton agwagwa. Maigida ya ce, "Ya ce da shi aka haife ta. Ya ce yana ganin irinsa kullum, kuma zai dushe idan ta girma."

Na ce, "Shi ke nan?" Ya ce shi ke nan.

Duk makonnin nan, ɗaga riga ɗaya.

Juma'a, da yamma

Matar mai jaka ta zo ta ce an rufe maganar, sharaɗin ya faɗi. Ta ce ta san abin ya yi mana nauyi, amma akwai yaran da idan ba a duba ba, ba a sake ganinsu. Na yarda da ita. Na so kuma ta fita mini daga gida. Yau ta sha shayin.

Maigida ya yi sujada a tsakar ɗaki. Tsohuwar ta buga sandarta a ƙasa. Ni na jira farin ciki ya zo, bai zo ba. Na shiga banɗaki na amayar da abin da na ci.

Asabar, da hantsi

Maigida ya tafi kasuwa. Daga ni sai Tsuntsuwa a gidan. Na kasa zama, na yi ta leƙa taga kamar na saci 'yar mutane. Ita kuwa ta kwanta a cinyata ta ce in yi mata kitso. Na yi mata, na tsefe, na sake yi.

Maigida ya ce mu canza mata makaranta. Na tambaye ta. Ta ce ita Malamarta take so, kuma ta bar zanenta a can bai bushe ba.

Litinin, lokacin hutun cin abinci

Ina rubutu a bayan injin guga, a kan kwandon tawul.

Na kai Tsuntsuwa makaranta da kaina. Malamar ce a bakin ƙofa. Da ta hango mu fuskarta ta yi ja har kunne. Tsuntsuwa ta fizge hannunta daga nawa ta ruga ta rungume ta, Malamar ta durƙusa ta karɓe ta, idonta yana kaina.

Jiya na sauka wurin tsohuwar na sa ta koya mini magana ɗaya, na yi ta maimaitawa har a cikin bas. Na matsa kusa. Muryata ta fito siririya, kuma na san na karya ta, amma na kai ƙarshe. Na ce, "Wani lokaci ki tambaye ni. Ni ce uwarta."

Ta miƙe. Ta yi magana a hankali, kalma-kalma, yadda take yi wa yaran. Na gane rabi: doka, dole, tsoro, yi haƙuri. Wannan karon ban gyaɗa kai ba. Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Ta ce ita ma ba ta yi barci ba.

Ban ce na yafe ba, don ban san kalmar ba tukuna, kuma ban tabbata ina da ita a Hausar ma ba. Na miƙa mata jakar Tsuntsuwa, na nuna mata rigar canji da na saka a ciki. Ta karɓa da hannu biyu.

Yarinyar ko waiwaye ba ta yi ba. Na tsaya a bakin shinge har bas ɗina ya wuce, na jira na gaba, na makara. Doguwa ta riƙe mini gefena.

Da azahar zan je in ɗauko ta, ni kaɗai.